Ƙafa Mai Kwari-Kwari

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, zancen wani ɗan ƙarfe ne da bai kai ɗan yatsa tsawo ba, wanda ya riƙe min kwastomomina lokacin da abayar Dubai da aikin keken kwamfuta suka so su kashe mana kasuwa a Birnin Kebbi.

Ƙafar keke ce, wato abin nan da ke danne yadi, sai dai ƙasanta yana da kwari-kwari, wata guda 3, wata 5, wata 7, har 9. Ba ta aiki sai da tagwayen allura. Zare biyu ne a sama, ɗaya tal a ƙasa, shi kuwa na ƙasan yana kai-kawo tsakanin alluran yana jan yadin, sai ya tashi siriri kamar kunyar gero. Idan kin gama layin farko sai ki zura shi cikin kwarin gefe, shi zai ja miki hanyar na biyu. Ba awo, ba alli.

Amma fa tana da zaɓe. Baƙar Butterfly ta iyayenmu ba ta ɗaukarta, domin ramin allurarta ɗaya ne ƙarami, sai keke mai zigzag. Yadi ma haka: boyel da auduga mara nauyi suna tashi da kyau da allura mai tazarar milimita 2, shadda mai maiƙo kuwa taurin kai gare ta, sai an ƙara ɗaure zaren sama ko a sa siririyar igiya ta ƙasa. Kuma layukan suna cin yadi, shi ya sa nake fara yin su kafin na sa almakashi.

A shekarar 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba, wata yayata da ke aure can ta aiko min da farin boyel na 'yan matanta uku. Layi goma sha biyu na jera a ƙirjin kowace riga, zaren ma fari, babu dutse ko ɗaya. Da na kai, maƙwabciyarta ta juya rigar ciki da baya tana cewa, "Wanga aiki da hannu anka yi shi?" Kafin na hau motar komawa an ba ni yadi biyar.

Ni dai a ganina ya fi aikin kwamfuta da ke sa ƙirjin riga ya yi tauri kamar kwali, ga zafin watan Afrilu a garin nan. Matsalarsa ɗaya, tagwayen allura ba a ko'ina ake samunta ba, idan ɗaya ta karye kuwa duka sun tafi. Don haka duk mai zuwa Sakkwato ko Kano sai na ba shi saƙon guda biyar.