Fim ɗin Shawshank Tsakanin Masu Tarke da Masu Kallo

A cikin watan Satumba na shekarar 1994 aka fara nuna wani fim a gidajen silima na Amurka mai suna The Shawshank Redemption, wanda Frank Darabont ya shirya daga wani gajeren littafi da Stephen King ya fitar a 1982. Jigonsa zaman kurkuku. An yanke wa wani ma'aikacin banki, Andy Dufresne, hukuncin ɗaurin rai da rai bisa zargin kashe matarsa da kwartonta, alhali kuwa bai aikata ba. Ya yi shekara 19 yana haƙa bango da 'yar guduma, har ya tsere ta bututun ƙazanta.

An kashe dala miliyan 25 wajen shirya shi, amma a zagayen farko abin da ya tara bai wuce kimanin miliyan 16 ba. Wasu suka ɗora laifin a kan sunansa mai wuyar riƙewa, wasu kuma suka ce Forrest Gump da Pulp Fiction ne suka cinye kasuwar shekarar. An tsayar da shi takarar kyautar Oscar a fanni 7, ya koma hannu rabbana.

Masu tarke kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba. Roger Ebert ya yaba masa tun farko, sa'an nan a 1999 ya sa shi cikin jerin manyan finafinai. Kenneth Turan na jaridar Los Angeles Times ya ga an cika masa zaƙi, wato an yayyafa wa gidan yari sukari domin a faranta ran mai kallo. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Fursunonin da ke kewaye da Andy kusan duk mutanen kirki ne, mugunta kuma an tattara ta a wuyan shugaban gidan da babban gandiroba da wasu 'yan tsiraru. Haka nan ƙarshen fim ɗin, inda abokai biyu suka sadu a bakin teku a Meziko, ya zarce inda marubucin ya tsaya, domin shi ya bar Red ne yana shirin tafiya, ba a san ko zai isa ba. Can ya fi dacewa a tsaya.

To, amma hukuncin bai tsaya a hannun masu alƙalami ba. Da aka fitar da shi a kaset ɗin bidiyo a 1995, sai labarinsa ya yaɗu baki da baki, tashar TNT kuma ta shiga maimaita shi daga 1997. A 2015 hukumar ɗakin karatu na majalisar Amurka ta sa shi cikin finafinan da ake adanawa.

Abin da masu sukar zaƙi suka tsallake shi ne tsoho Brooks, mai kula da ɗakin karatun gidan yarin. Ya shekara 50 a ɗaure. Da aka sake shi, motoci suka firgita shi, aikin kanti ya gagari hannuwansa, barci ya ƙaurace masa. Ya sassaƙa sunansa a jikin katakon ɗakin da aka ba shi, ya rataye kansa. Ɗalibin tarke da ya auna fim ɗin da ƙarshensa kaɗai ya bar wannan 'yan mintoci a waje, su kuwa suka sa mai kallo ke jin tsoro ranar da aka saki Red, aka kai shi wannan ɗaki.