Waƙar Karen Mota: Yabo Ne Ko Kuka?

Akwai wata waƙa da kusan kowa ya sani, amma ba kasafai ake sa mata kunnen basira ba, watau Waƙar Karen Mota ta marigayi Ɗanmaraya Jos. Galibi ana ɗaukarta waƙar raha, a ji a yi dariya. Ni kuwa duk sa'ad da na ji ta sai jikina ya yi sanyi.

Ku dubi wanda ya zaɓa ya wasa. Makaɗan da muka gada, sarakuna suke yi wa waƙa, ko attajirai, ko 'yan dambe. Shi kuwa sai ya ɗauko yaron da ke lodin kaya, da canjin taya, da turin mota in ta mace a dokar daji, wanda ko sunan da aka laƙaba masa ma na kare ne. Kullum yana cikin mutane, amma da wuya fasinja ya san sunansa na yanka. Ya kwana a wannan tasha, gobe ya kwana a waccan, ba garin da zai ce nasa ne. To, in mawaƙi ya yi wa irin wannan kirari, yabo ke nan ko zambo? A ɗakin kwananmu mun sha gardama a kan haka, wasu suna cewa ba'a ce kawai. A ganina da gangan ya ƙi raba mana gardamar, domin haka jama'a suke yi wa karen mota: a neme shi in taya ta fashe, a manta da shi da an iso.

Sa'an nan ga mawaƙin kansa. An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946, iyayensa duka biyu suka rasu yana jariri, Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi. Sunan maraici ya ɗauka har ya koma ga Allah a 2015. Abin kiɗansa kuwa kuntigi ne, gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya tak. Shata yana da 'yan amshi da makaɗan kalangu a bayansa. Ɗanmaraya in ya yi shiru, kuntigin ne ke amsa masa.

Malaminmu na Hausa ya ce kada mu riƙa cusa tarihin mawaƙi cikin kowace waƙa tasa, kuma da gaskiyarsa. Amma a wannan dai ban iya raba yaron motar da mai kuntigin ba.