Mai Gemu da Siririyar Murya

A ƙarni na 17 da na 18, zamanin da Turawa ke kira barok, jaruman opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera maganarsa bisa kiɗa, da siririyar murya suke fitowa, ko da sarki ne ko sarkin yaƙi. Hanyar samun wannan murya a Italiya mummuna ce: yaro mai zaƙin murya ake yi wa dandaƙa kafin ya balaga, ƙirjinsa ya girma ya zama na babba, maƙogwaronsa ya tsaya na yaro. Irinsu ne Handel ya tsara wa manyan waƙoƙinsa a Landan. Senesino ne ya fito a matsayin Kaisar a 1724. Da al'adar ta mutu, sai aka riƙa ba mata waɗannan waƙoƙi, ko a sauko da su ƙasa don maza masu kakkaurar murya.

Akwai kuwa wata murya da ba ta buƙatar wuƙa. Baligi, in ya koyi kaɗa gefen tantanin muryarsa kawai, yana iya hawa inda mata ke rerawa. Ita ake kira kontratenor. Ba ta taɓa ɓacewa daga manyan majami'un Ingila ba, sai dai laɓe take cikin taron mawaƙa, ba wanda ya zaci za ta iya tsayawa ita kaɗai gaban jama'a, har Alfred Deller ya zo.

An haife shi a Margate a 1912. Tun yana yaro yake waƙa a majami'a, kuma da ya balaga bai sauko ba. Malamin wannan murya babu shi a lokacin; kunnensa ya koya masa, yana neman abinci a shagon kayan ɗaki. A 1940 ya shiga mawaƙan babbar majami'ar Kantabari. Can mai tsara kiɗa Michael Tippett ya ji shi, ya ɗauka cewa ga muryar da Purcell ya yi wa waƙoƙinsa a ƙarni na 17. Masana na yau suna jayayya a kan haka, amma zaton ya yi rana, don shi ya kai Deller Landan. A 1946 gidan rediyon BBC ya watsa muryarsa, yana da shekara 34.

Masu sauraro ba su san inda za su ajiye shi ba. Ga ƙaton mutum mai gemu, magidanci, uban ƴaƴa uku, ya buɗe baki sai ka ce budurwa. Ana ba da labarin wata Bafaranshiya da ta tare shi bayan waƙa ta tambaye shi ko shi eunuque ne, ya amsa mata cewa wataƙila unique take nufi. Malamin Faransanci zai yi dariya, amma tambayar ta bi mutumin shekaru, kuma ba kullum take zuwa da raha ba.

Abin da ya fi wannan ciwo a kan dandamali ya same shi. A 1960 Benjamin Britten ya tsara masa matsayin Oberon, sarkin aljanu, a operar da ya gina bisa wasan Shakespeare, aka nuna ta a ƙaramin zauren Aldeburgh. Da aka kai ta babban gidan Covent Garden a 1961, sai aka ba Ba'amurke Russell Oberlin matsayin. Deller ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, muryarsa kuma ba ta cika babban zaure. Hujja ce, amma ɗinkin rigar nasa ne, kuma Britten ya san haka, tun da shi ya nema lokacin ɗaukar faifai a 1966.

Na baya su suka ci moriyar. James Bowman ya karɓi Oberon a 1967, ya hau dandamalin Glyndebourne a 1970. A 2012, a Nancy ta Faransa, kontratenor biyar, cikinsu har da Philippe Jaroussky, suka rera Artaserse ta Vinci, har matsayin mata su suka riƙe. Sun fi Deller ƙarfi da gudu nesa ba kusa ba, sun kuma gaji waƙoƙin waɗanda aka yi wa dandaƙa ba tare da an taɓa jikinsu ba. Sai dai kaɗan ne cikinsu ke iya sassauta murya kamar yadda yake yi, ya ja sauti ɗaya ya sirance har mai sauraro ya riƙe numfashi.

Shi kuwa ya zauna inda muryarsa ta fi dacewa: ƙananan zauruka, molon Turawa, waƙoƙin Dowland da Purcell, tare da ƙungiyarsa Deller Consort. Kamfanin Faransa Harmonia Mundi ne ya ɗauki faya-fayansa na ƙarshe. A 1979 ya sake rera Purcell, William Christie na kaɗa masa klabsan, kakan fiyano. A watan Yulin shekarar zuciyarsa ta tsaya a Bolonya ta Italiya, yana da shekara 67.