Tururuwa Ba Likita Ba Ce

Kwana biyu kun ji ni shiru, jinya ce ta riƙe ni. Kawuna, wanda ya ɗauko ni daga Maraɗi ina yaro ya kawo ni Bauchi, shi ne ba lafiya. Na ga ya kamata in ba ku labarin, ko wani ya tsira da ƙafarsa.

Wata ranar Asabar muna rumfarsa ta hatsi a kasuwar Muda Lawal, ya cire takalmi zai yi alwalar azahar, sai na ga jini ya bushe a ciki. Ƙusa ce ta huda takalmin tun safe, yana ta yawo a kanta. Na ce, "Kawu, ba ku ji zafi ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ƙafar fatake ce." Da na ambaci ciwon suga sai ya ce shi kullum yana duba inda ya yi fitsari, bai taɓa ganin tururuwa ta taru ba.

Da ƙyar ya yarda muka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Aka auna jininsa kafin ya karya, aka sake aunawa wata rana, duka biyun sun haura 7. Daga 7 ɗin nan ne ake cewa mutum yana da ciwon suga. 'Yan uwa na Nijar, a takardun asibitocinmu na can shi ne giram 1.26 a lita.

To ina tururuwar? Bayanin da na samu shi ne, ƙoda kamar madatsar ruwa ta Gubi take. Ruwa na iya yin ta hawa, amma ba ya malala sai ya kai baki. Ƙoda tana tace jini tana mayar da suga cikin jiki, sai sugan ya kai wajen 10, wato giram 1.8 a lita, sannan ya fi ƙarfinta ya zubo cikin fitsari. Tsakanin 7 da 10 mutum na iya yin shekaru, ciwo na cinsa, fitsarinsa kuwa ba zaƙi. Ga tsofaffi ma bakin madatsar yakan ƙara tsawo. Wanda ya tsaya jiran tururuwa ya makara.

Zancen ƙafa ma iyaka ce. Jijiyar da ke kai saƙon zafi tana aiki da 'yar wutar lantarki. Idan tana hutawa, wutar cikinta tana wajen milibolt 70 ƙasa da sifili. Taɓawa takan ɗaga ta, kuma da zarar ta kai wajen 55 ƙasa da sifili sai ƙofofin sinadarin sodiyam su buɗe, saƙo ya tashi gaba ɗaya. In bai kai nan ba, babu abin da ke tafiya. Kamar kunamar bindiga ce, ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Wasu Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, su suka bayyana wannan a 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963. Suga mai yawa na shekaru yana lalata waɗannan jijiyoyi, yana farawa da mafi tsawo, wato na yatsun ƙafa. Ƙusar ta shiga, amma labarinta bai kai ƙwaƙwalwa ba.

A gabana aka danna masa wani siririn zaren roba da ƙarfin giram 10 a tafin ƙafa, idonsa a rufe. Ya ce, "Likita, ka fara ne?" Alhali an gama. A nan jikina ya yi sanyi.

Alhamdu lillahi miki ya warke, ba a yanke komai ba. Yanzu kowane dare ni ke duba masa ƙafa da tocila, shi kuma yana zazzage takalmi kafin ya sa. Masar Bauchi da yake ci goma ta koma uku, yana ci yana mita.

Mu baƙi mun saba da haƙuri, har muna ɗaukar rashin jin ciwo a matsayin lafiya. Don Allah duk wanda ya haura shekara arba'in, ko akwai ciwon a gidansu, ya je a ɗiga masa jini a yatsa. Ni ma na je ranar Litinin.

Ku sa Kawu a addu'a. Wassalam.