Kwana Biyar ko Kwana Takwas? Lissafina na Hawan Kilimanjaro

Duk baƙon da zai hau Kilimanjaro sai ya biya hukumar gandun dajin Tanzaniya dala 70 a kan kowace rana da zai yi a cikin gandun. Kwana a tanti dala 50 ne kowane dare, kuɗin ceto dala 20, sannan a ɗora harajin kashi 18 cikin ɗari a kan duka. Farashin da na tarar ke nan lokacin da na zauna na yi lissafi a zangon karatun da ya wuce. Idan kwana takwas mutum zai yi, kuɗin hukuma kaɗai ya tasam ma dala 1,100. Ba a zo maganar abinci ba, balle ɗan jagora, wanda doka ta hana a hau dutsen ba tare da shi ba, balle kuma 'yan dako.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Galadi da wannan rigima. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, daga Ƙaura har Shinkafi sai fadama da gonakin gero, kuma dutsen da muke alfahari da shi a jihar nan shi ne na Kwatarkwashi. Shi kuwa Kilimanjaro tsawonsa mita 5,895 ne, babu wanda ya kai shi a Afirka, kuma akwai ƙanƙara a kansa wadda take ta raguwa shekara da shekaru. Tun ina sakandare nake son in taka ta da ƙafata. Ban da wani dalili da ya fi wannan, kuma na daina ƙirƙiro wa mutane dalilai.

Abin da ya fi cin lokacina a lissafin shi ne yawan kwanaki. Hanyoyin hawa suna da yawa. Ta Marangu ana iya gamawa a kwana biyar, ana kwana a ɗakunan katako, kuɗin hukuma wajen dala 720. Ta Machame kwana shida ko bakwai. Ta Lemosho bakwai ko takwas. Ɗalibin da ya saba da taya kaya a kasuwar Ƙaura, idonsa kan na kwana biyar zai fara sauka, tunda dutsen ɗaya ne, hoton da za a ɗauka a ƙololuwar Uhuru ma ɗaya ne. To amma a nan, arha ba ta ado. Daga mita 2,500 zuwa sama jikin mutum yake fara jin ƙarancin iska, a ƙololuwa kuwa numfashi ɗaya yana ba ka kusan rabin oksijin ɗin da za ka samu a bakin teku. Mu da muka tashi a ƙasar da ba ta kai mita 500 ba, jininmu sai ya sami kwanaki kafin ya saba. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai ya kama shi, sai tashin zuciya, sai rashin barci. Idan abin ya tsananta ruwa yakan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma a wannan matakin babban magani shi ne a sauko da mutum nan take. Ƙarfin ƙirji ba ya hana wannan. Ɗan ƙwallon da yake zagaye filin makarantar nan sau goma yana iya kwantawa, wata tsohuwa ta wuce shi. Shi ya sa 'yan jagoran can ba su da waƙar da ta wuce "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili.

Saboda haka kwana ukun da ake ƙarawa, su ake saya da kuɗin. Wanda ya rage su don ya tsira da 'yan ɗaruruwan daloli, ya sa duk sauran kuɗinsa a caca, domin wanda aka juyo da shi daga sansanin Barafu babu mai mayar masa da ko sisi. Na zaɓi Lemosho, kwana takwas, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Akwai wani wurin kuma da ake rage farashi, wato kan 'yan dako. Ƙa'ida ita ce kada ɗan dako ya ɗauki fiye da kilo 20, amma kamfanin da ya karya farashi ƙwarai, sau da yawa a albashinsu da abincinsu yake fanshewa. Akwai ƙungiya mai suna KPAP da take sa ido a kan wannan, tana kuma fitar da sunayen kamfanonin da suka yarda a binciki yadda suke biyan ma'aikata. Ni da na ga yadda ake yi da masu dako a tasha, ba zan je ƙasar wani in hau dutse a kan haƙƙin talaka ba. Na ware dala 250 ta tukwici, ba ta cikin abin da za a taɓa.

Ga ƙiyasina gaba ɗaya, kuma nawa ne, kowa ya yi nasa: kamfani dala 2,300 har da kuɗin hukuma, jirgi daga Kano ta Adis Ababa dala 900, tukwici 250, sai 400 na biza da inshora da masauki a Moshi da hayar kayan sanyi. Takalmi kaɗai zan saya a gwanjo tun da wuri, don ƙafa ta saba da shi. Jimla dala 3,850. Fasfo da katin rigakafin shawara daban.

A nan naira take shigowa ta ɓata wa mutum rai. Kafin watan Yuni na 2023 farashin gwamnati wajen naira 460 ne a dala, wato tafiyar nan ba ta kai miliyan biyu ba. A kan naira 1,500 kuwa ta kusa miliyan shida. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata. Ko bai ci ko ƙwandala ba, alawus ɗinsa na shekara guda bai biya kuɗin shiga gandun ba. Ni kuma da saura: shekarar aikin koyon sana'a, shekara biyu ta babbar difloma, sannan bautar ƙasa. Duk wanda ya tara naira a asusu na tsawon wannan lokaci, ya zuba ruwa a kwando.

Dabarar gida ita ce kiwo. Ka sayi ɗan rago bayan Sallah, ka turke shi, ka sayar ana gobe layya, farashinsa ya bi tsadar kasuwa. Amma mu 'yan wannan yanki mun san inda gizo ke saƙa. Dabba dukiya ce da ake iya korawa cikin dare ɗaya, kuma a watan Satumba na 2021 mun ga an rufe kasuwannin mako-mako an katse layukan waya, mai rago ya zauna da ragonsa yana ci masa dusa. Don haka na raba ƙafa. Tumaki biyu suna hannun Inna a gida. Abin da nake samu a gyaran waya kuma, duk lokacin da ya kai, sai in ba wani ɗan ajinmu mai zuwa Kano ya canzo mini dala 20 a Wapa. Yau ina da dala 160. Kada wanda ya yi dariya.

Inna ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Mi ka aje bisa dutsin nan da za ka ɗauko? Kuɗin da za su kai mutum Umra?" Na ce mata, "Inna, ku yi haƙuri, ai kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan, shekaru suka yi suna yada zango suna aiki a gonakin auduga kafin su ƙarasa." Ta ce su ɗakin Allah suka nufa, ni fa? Gaskiyarta. Mun tsaya a kan cewa tunkiya ta farko da 'ya'yanta na kujerarta ne, ta biyun ce ta dutse. Wannan ya ƙara wa lissafina aƙalla shekara guda. Da ta ce dutsen yana da haɗari, sai ƙanena ya tambaye ta ko ya kai hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura. Babu wanda ya amsa masa.

Abu mafi arha a jerin shi ne ya kamata a fara da shi, wato gwajin jini. Mai AS yana zaune lafiya a nan, amma a wuri mai tsawo irin wannan ƙarancin iska yana iya toshe masa jini a saifa. A cikinmu masu AS suna da yawa, wasu ba su ma sani ba. Na yi nawa kafin in sayi dalar farko, ya nuna AA. Wanda nasa ya nuna AS, likita zai fara gani kafin ɗan canji.

Kamfanoni suna rage farashin kowane mutum idan tawaga ta yi yawa, don kuku ɗaya da tantin cin abinci ɗaya sun ishi mutum huɗu. Watannin da na sa wa ido su ne Janairu ko Fabrairu, kafin daminarsu ta Maris zuwa Mayu. Idan a makarantar nan akwai mutum uku da wannan ciwo yake damunsu, su neme ni ta ofishin mujallar nan. Sharaɗina biyu ne: takardar gwajin jini a hannu, kuma babu mai kawo mini zancen kwana biyar.