Daktan da na kafa hujja da shi a aji, ashe ba a taɓa haihuwarsa ba

1/ Makon jiya na sha kunya, gara in ba ku labarin da kaina kafin 'yan ajinmu su ƙara masa gishiri. An ba mu aikin gabatarwa kan yaƙin basasar Lebanon, 1975 zuwa 1990. Na kafa hujja da littafin rubutun wani Dakta Fadl Fakhouri, wai babban masanin tarihin yaƙin.

2/ Malam ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Wannan Daktan naka, a wace jami'a ya koyar?" Na yi tsuru-tsuru. Ya ce mutumin babu shi, ƙirƙirarsa aka yi. Aji ya kwashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

3/ Wanda ya ƙirƙire shi Walid Raad ne, mai fasahar hoto ɗan Lebanon, an haife shi a 1967. Ya kafa wani abu mai suna The Atlas Group, wanda in ka gan shi za ka rantse cibiyar adana takardun tarihi ce: lambar fayil, kwanan wata, sunan wanda ya ba da takardar. Kuma bai ɓoye cewa shi ya haɗa su ba fa. Ni ne ban karanta har ƙasa ba.

4/ Da haushi na koma ɗaki na sake buɗe littafin Daktan. Labarin shi ne wai masana tarihin yaƙin kan haɗu duk Lahadi a filin sukuwa na Beirut su yi caca. Dokin da zai ci bai dame su ba. Abin da suke sa kuɗi a kai shi ne tazarar da ke tsakanin dokin da layin ƙarshe a hoton da jarida za ta buga washegari.

5/ Saboda mai hoton bai taɓa kama daidai lokacin da dokin ya taka layin ba. Ko ya yi gaggawa, ko ya makara. Nan na ajiye wayar na yi shiru. Masanan sun san hoton zai kuskure, abin da suke jayayya a kai kawai shi ne girman kuskuren.

6/ Akwai wani aikinsa da hotunan na gaske ne, daga ma'ajiyar jaridun An-Nahar da As-Safir. In bam ya tashi a cikin mota, injin ne kaɗai ke saura, ya yi tsalle ya faɗa can nesa. Raad ya jera hotuna 100 na irin injinan nan, jami'ai da 'yan kallo sun zagaye su. Ya nuna har bayan kowane hoto, da tambarin jarida da kwanan wata.

7/ Ƙarfe ne kawai mutane suka tsaya suna kallo. Amma ya fi tsaya min a rai fiye da hotunan jini da muke turawa juna a WhatsApp mu manta kafin la'asar.

8/ Me ya kai mutum ƙirƙirar masanin tarihi? A 1991 majalisar Lebanon ta yi dokar afuwa ga mafi yawan laifukan yaƙin. Shugabannin mayaƙa da dama suka koma ministoci da 'yan majalisa. Littafin tarihin makaranta bai kai ga yaƙin ba, don an kasa yarda da abin da za a rubuta. Ana ƙiyasta mutum 17,000 sun ɓace.

9/ Sai dai har yanzu ban gama sakin jiki da shi ba. Akwai Wadad Halwani, wadda aka ɗauke mijinta daga gida a 1982, ta haɗa kan iyalan waɗanda suka ɓace. Sai 2018 aka yi dokar da ta amince suna da haƙƙin sanin makomar 'yan uwansu. Shekara 36. Mace irin wannan me za ta yi da Daktan ƙarya? Suna take nema, da wurin kabari.

10/ Na faɗa wa Malam haka a ofis. Ya ce, "To, kai me ya sa ka yarda da Daktan?" Na lissafa: tambari, lambar fayil, da kalmar Dakta. Shi ke nan fa. Ko sunansa ban bincika ba, ni da nake yi wa ƙannena faɗa kan tura labarin da ba su tantance ba.

11/ Ya ba ni damar sake gabatarwa ranar Alhamis. Zan fara da hoton injin, in tambayi aji wa ya ɗauka da kuma abin da aka bari a wajen hoton. Wadad Halwani za ta samu minti biyar cif. Daktan kuma yana nan a ciki, amma wannan karon zan faɗi wanda ya haife shi.