Kukan Keke Jawabi Ne

Cikin duk uzurorin da ake ba mutum a kasuwa, babu wanda aka raina kamar na tela gab da Sallah: "Wallahi Alhaji keke ne ya ɓaci." Jama'a sun daɗe da jefa wannan magana cikin kwandon ƙarya, har ta zama abin barkwanci. To amma ni da na tashi a shagon kawuna a Sabo ta Ibadan, ina tsintar ƙyalle tun ban kai tsawon teburin yanka ba, ina da ja. Sau da yawa gaskiya telan ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne, keke ba ya ɓaci farat ɗaya. Sai ya yi kwanaki yana kuka ba a saurare shi ba, kuma inda yake nuna ciwo ba kasafai nan ne cutar take ba.

Kafin mai karatu ya yarda da ni, ya kamata ya san abin da ke gudana a ƙarƙashin farantin nan da allura ke nitsewa a ciki. Zare biyu ne ke ɗinki, na sama da ke bin allura, da na ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro. Idan allura ta kai ƙarshen saukarta ta fara ɗagowa, zaren da ke jikinta yakan saki ya yi 'yar maɗauka, sai wata ƙugiya ta cafke ta, ta zagaya da ita bayan kwarkwaro, a ja a ɗaure. Shi ke nan. Wannan dabara ce Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo da nasa keken a 1851. Baƙin keken Butterfly na Shanghai, wanda ya cika shagunanmu da ɗakunan amare, samfurin Singer mai lamba 15 aka kwaikwaya. Ke nan duk wata rigima ta keke, in ka bi sawunta, a wajen haɗuwar zaren nan biyu za ta kai ka.

Ɗauki matsalar da ta fi sa sabon ɗan koyo gumi. Ya taka keke, sama ta yi kyau sumul, yana juya yadin sai ya tarar zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Hankali zai ce masa tunda a ƙasa ɓarnar take, kwarkwaro ne mai laifi. Sai ya zaro gidan kwarkwaro ya hau murɗa ɗan ƙaramin kusan da ke jikinsa. Kawuna in ya hango haka daga inda yake, ba ya ko ɗaga murya. Sai ya ce, "Kai yaro, ja zaren nan ka gaya mini launinsa." Da yake yakan sa 'yan koyo su yi gwaji da fari a sama, baƙi a ƙasa, nan take yaro zai ga cewa farin ne ya taru. Wato zaren sama ne bai sami abin da zai riƙe shi ba, ya zube ƙasa. Dalilin kuwa yawanci ɗaya ne: an zura zare alhali ƙafar da ke danne yadi tana sauke. Faya-fayan nan biyu da ke matse zare ba sa buɗewa sai an ɗaga ƙafar, saboda haka zaren ya hau bayansu kawai bai shiga tsakani ba. Maganin bai wuce a ɗaga ƙafa a sake zurawa daga farko ba. Na sha ganin an kira bakanike daga nesa, an biya shi kuɗin mota da na aiki, don abin da bai kai minti guda ba.

Shi kuwa kusan nan na gidan kwarkwaro, a ganina ya kamata a yi masa dokar da ake yi wa tukunyar amarya, wato kada kowa ya taɓa. In ana shakkarsa, a riƙe bakin zaren a bar gidan ya yi lilo. Idan an ɗan girgiza ya zame kaɗan ya tsaya, lafiyarsa lau.

Sai allura, wadda ita ce mafi araha a jikin keke, kuma ita ce tela ya fi yi wa rowa. Za ka ga mutum ya karɓi shaddar dubban nairori, amma yana neman ya huda ta da allurar da ta yi wata uku tana cin kaki. Allura takan dakushe ko ta ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba, sai keke ya fara tsallake ɗinki, ko ya riƙa wata ƙara ƙas-ƙas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan ƙara ita ce jawabin. Kuma kowane yadi da lambarsa: 11 ga mai laushi, 14 ga atamfa da makamantanta, 16 ko 18 ga mai kauri. Akwai dogon kwari a jikin allura inda zare ke kwanciya, dole ya fuskanci ɓangaren da zaren ke shigowa. In aka juya shi, ko shekara za a yi ana takawa ba a ɗinka komi ba.

Batun mai kuwa ya danganta da inda keken yake zaune. 'Yan'uwanmu na Kano da Zariya ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsu, takan haɗu da burbushin zare ta toshe tsakanin haƙoran da ke jan yadi, har yadi ya ƙi tafiya. Mu a Kudu laima ce. Keken da aka rufe mako biyu da damina, ka buɗe ka tarar tsatsa ta yi masa ɗigo-ɗigo a faya-fayan matse zare, daga nan zare ya dinga tsinkewa ba dalili. Abin da ban yafe ba shi ne man gyaɗa. Yakan sa keke ya yi laushi kwana biyu, sa'an nan ya daskare ya zama danƙo a cikin gaɓoɓi, sai an yi wanka da kananzir kafin ya saki.

Keken surfani ya fi kowanne saurin fushi, musamman Singer 20U da masu aikin babbar riga ke ji da shi. Zarensa mai sheƙi ne amma ba shi da juriya, ga gudu, ga allura na kai-komo dama da hagu. Daɗin daɗawa, ana cire ƙafar danne yadi a bar wa hannu jagora, don haka in ba a ɗame yadin a cikin zoben katako kamar fatar ganga ba, zai riƙa bin allura sama, maɗaukar ta kasa fita, aska ta fito da giɓi. Ko manyan kekunan nan masu kwamfuta irin na Tajima, da kawunansu jere, ba su tsira ba. Zare ɗaya ya tsinke, duk layin ya tsaya cik.

Akwai dai cutar da ta fi ƙarfin tela. Idan allura ta daki maɓalli ko ƙarfen zif da ƙarfi, sandar da ke riƙe ta takan goce, sai ƙugiya ta riƙa isowa kafin maɗauka ta fito, ko bayan ta wuce. Ƙa'ida ita ce bakin ƙugiyar ya gifta dab da saman kafar allura a lokacin da allurar ta ɗago da kimanin milimita 2 daga ƙasa. An sake allura, an sake zare, an share, an zuba mai, keke yana nan yana tsallake, to a nan ne kawuna kan rufe shi da buhu ya aiki yaro wajen bakanike. Bakaniken nan Bayarabe ne, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. In ya zo ba ya tambayar kowa abin da ya faru. Yakan kara kunne a jikin keken, ya juya gargaren da hannu a hankali sau uku ko huɗu, sa'an nan ya buɗe jakarsa.